Dalar Gyaɗa: Rumbun da Ba Shi da Bango

Duk wanda ya hau adaidaita-sahu daga Kwaciri zuwa kasuwar Sabon Gari, da wuya ya sauka bai miƙa takardar naira ɗari biyu ba, ko kuwa a ba shi ita canji. A fuskarta hoton Sardauna ne. A bayanta kuwa, kusa da shanu da kayan gona, akwai buhuna da aka jera wani kan wani har suka tsuke daga sama. Tun shekarar 2000 da aka fito da wannan takarda muke yawo da dala a aljihu, alhali galibinmu ba mu taɓa ganin ta da ido ba. Ni kaina an haife ni ne bayan an daɗe da kwashe buhun ƙarshe. Abin da na gada shi ne labari, kuma labarin iri ɗaya ne a bakin kowa: da can Kano na da dalar gyaɗa, arziki ya yi yawa har ana gina tsauni da shi, sai man fetur ya zo muka yi sakaci. Duk ɗan siyasar da ya hau dandamali a Kano ya san alƙawarin dawo da dala ba ya rasa tafi.

Labarin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya tsallake wata tambaya mai sauƙi. Me ya sa kayan da aka saya don a kai Turai za su zauna a fili wata da watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo, rana na dukansu, ƙwari na cin su? Ɗan kasuwa ba ya tara hajarsa a waje don masu wucewa su yi sha'awa. Idan ka ga kaya sun taru, akwai abin da suke jira. Dalar Kano jirgin ƙasa take jira.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufurin kaya a 1912. Turawan da suka matsa a shimfiɗa shi auduga ce a ransu. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su rage dogaro da audugar Amurka, ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta ɗora burinta a kan ƙasar Hausa. Lissafinsu ya yi daidai ta fuska ɗaya: a nan ana noman auduga tun kaka da kakanni. Inda ya karkace shi ne audugar tana da masu ita. Masu kaɗi da masaƙa da marinan Kano suna saye da farashin da Bature bai iya kaiwa ba, tunda su tufafinsu na da kasuwa har bayan Hamada. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man tsirrai ya zama abin shafa wa burodi da haɗa sabulu, buƙatar gyaɗa ta tashi.

Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana son jigawa, tana shiga tsakanin gero da dawa ba tare da ta kore su ba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma kasuwa ta faɗi ana iya cin ta ko a matse mai a toya ƙuli-ƙuli. Auduga ba ta shiga tukunya. Ga kuma haraji da aka koma karɓa da kuɗin Bature maimakon wuri, dole kowane magidanci ya nemo sule. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, wanda littafinsa na 1978 a kan wannan batu har yanzu shi ne madogara, ya nuna cewa gwamnatin mulkin mallaka ba ta shirya wannan ba, ba ta ma zata ba. Jakuna da raƙuma suka yi ta kwararowa da gyaɗa, tasha ta cika ta batse, buhuna suka tare hanyoyi, hukumar reluwe ta rasa taragun da za ta ɗiba da su. Wato tun kakar farko, matsalar da za ta haifi dala ta riga ta bayyana. Ba a kuma jima ba fari ya biyo baya, aka yi yunwar 1913 zuwa 1914 wadda ta hallaka jama'a masu yawa, amma ko ita ba ta tsayar da gyaɗa ba.

Wannan ciniki shi ya zana taswirar yankin da yau muke kira ƙaramar hukumar Fagge. Fagge tsohon zango ne na ayarin Hamada, a wajen ganuwa. Sabon Gari an yanka shi ne wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Kwarori suka kafa kantunansu a wurin da ya zama Kantin Kwari. Kusa da tasha kuwa kamfanonin Turawa suka jera kantuna da sikeli: Kamfanin Neja, John Holt, Paterson Zochonis, G.B. Ollivant, da na Faransawa irin su CFAO. Unguwannin da suka bazu daga baya ta wajen arewa, har da Kwacirin da na tashi a cikinta, rassa ne na garin da dogo da gyaɗa suka shuka a bayan ganuwa.

Sai dai Bature yana da kuɗi da sikeli, ba shi da hanyar shiga ƙauye. Waɗanda suke da ita su ne fataken goro, mutanen da suka shekara aru-aru suna kai-kawo tsakanin Kano da Gwanja, suka san yadda ake ba da bashi a karɓa, suka san wane ne amintacce a kowace kasuwa. Irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo suka juya yaransu daga goro zuwa gyaɗa. Wanda sunansa ya shafe na kowa shi ne Alhassan Dantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, wanda ya yi fataucin goro har Kumasi da Ankara kafin ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja, sannan UAC bayan an haɗe kamfanonin a 1929. A wannan shekarar ce, da Bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, aka ce ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Shi ake jingina wa dabarar jera buhuna a siffar dala. Ya rasu a 1955, lokacin da dabarar ta riga ta zama tambarin garin.

Ya kamata a tsaya a yaba wa dabarar, domin ta cancanta. Gina sito na dutse ko na kwano da zai ɗauki amfanin lardi guda kuɗi ne mai yawa, kuma rabin shekara zai zauna wayam. Kano kuwa Allah ya ba ta rani mai tsawo: daga Oktoba zuwa wajen Mayu da wuya a ga ɗigon ruwa, iska busasshiya ce. Saboda haka sai aka mayar da sararin sama rufi. A share fili, a ɗaga ƙasansa don gudun danshi da gara, a shimfiɗa sahun farko na buhunan algarara a murabba'i, sahu na biyu ya ɗan ja ciki, haka har a kai buhu ɗaya a ƙololuwa. Kowane sahu matakala ne ga na samansa, don haka ba a buƙatar tsani ko inji. Nauyin buhunan ne ke riƙe da juna. Idan damina ta ƙarato a lulluɓe da tamfol, gangaren ya zubar da ruwa. Siffar tana kuma sauƙaƙa ƙidaya: akawu ya san adadin sahu, ya san abin da ke ciki. Babbar dala kan ɗauki buhu har 15,000. Ana gina su a Ƙofar Mazugal da wasu filaye a cikin Kano, da tashoshi irin su Malam Madori a kan layin Nguru wanda aka kammala a 1930.

Duk buhun da ke cikin dala a kan wani ko a bayan wani ya hau. Wannan shi ne ɓangaren da hotunan ba su cika nunawa ba, ko kuwa su nuna shi kamar ado: ɗigon mutane a jikin tsauni. 'Yan dako ne, da yawansu 'yan cin rani da suka gama girbi a ƙauyukansu suka shigo birni, suna hawa da buhun da ya yi nauyin ƙaton namiji, ana biyansu gwargwadon abin da suka ɗauka. Akwai gwanaye a cikinsu da ke tsaye a sama suna gyara zaman kowane buhu, don kusurwa ɗaya ta karkace dukan ginin na iya zamewa. Mun san sunayen attajirai da kamfanoni da razdanoni. Maginan dala ba a rubuta nasu ba.

Jirgin da bai zo ba

Gyaɗa a kaka take fitowa gaba ɗaya. Cikin wata huɗu ko biyar an saye amfanin shekara. Hanyar fitarta kuwa siririya ce: layin dogo guda ɗaya, ƙaramin faɗi, mai tsawon mil kusan 700 zuwa Ikko, da reshen da ke bi ta Kaduna da Makurɗi zuwa Fatakwal. A kan wannan layi gyaɗa ke gogayya da kuzar Jos da auduga da fatu da shanu da fasinja. Ko a shekarar lafiya, abin da aka saya cikin wata biyar sai an kwashe wata goma sha biyu ana jigilarsa. Dala ita ce tazarar da ke tsakanin lokacin saye da lokacin ɗauka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tazarar ta zama rami. Shekarun yaƙi sun cinye kawunan jirgi da taragu ba tare da an sabunta su ba, masana'antun Ingila kuma sun kasa kawo sababbi da wuri. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na kwana 44, 'yan reluwe ne a gaba. A ƙarshen shekarun 1940 gyaɗar bara tana nan a fili ta bana ta zo ta tarar da ita. Ƙwari suka samu gida, musamman wani ɗan ƙaramin buzuzu mai jure zafi da ke ɓuya a saƙar buhu. Ɓarnar ta kai ga an turo masana daga Ingila su binciki yadda ake ajiyar amfanin gona a Afirka ta Yamma, aikin da ya zama tushen cibiyar binciken adana amfanin gona da ke da hedikwata a Ilorin a yau, da reshe a Kano. Aka shiga turara dala da hayaƙin guba a ƙarƙashin tamfol.

Abin dariya, idan da dariya a ciki, shi ne abin da Ingila ke yi a daidai wannan lokaci. Jama'arta na fama da ƙarancin mai da kitse, ana raba musu da kati. Maimakon ta fara da gyara layin da zai kwaso gyaɗar da ke jibge a Kano, sai gwamnatin ta ƙaddamar da wani gagarumin shirin noman gyaɗa da injuna a Tanganyika a 1947, a dajin da ba shi da ruwa, ba shi da hanya. Aka narka fam miliyan talatin da wani abu, aka watsar da shirin a 1951 ba tare da an samu abin kirki ba. A majalisar dokokin Ingila an yi ta tambayar ministoci game da tsaunukan gyaɗar Kano, kuma ba da sigar yabo ake tambayar ba. Abin da muka ɗauka a matsayin tambarin alfahari, a takardun masu mulki na lokacin matsala ce da ake neman yadda za a rabu da ita. Duk da haka, a jerin kan sarki na 1953 an buga hoton gyaɗar, domin abin da ya dami ma'aikacin sufuri yana iya burge mai zanen kan sarki.

Na wane ne?

A ƙasar Hausa rumbu na mai gida ne. Shi ya san abin da ke ciki, shi ke buɗewa, kuma rumbun tsimi shi ne katangar da ke tsakanin iyali da yunwa. Dala ta ɗauki aikin rumbu, amma babu buhu ɗaya a cikinta da yake na wanda ya noma shi. Kafin gyaɗa ta hau dala ta riga ta bar hannun manomi, ta bi ta 'yan baranda da dillalai, ta hau sikelin da ba shi ke karanta shi ba, sau da yawa ma an riga an cinye kuɗinta tun da damina da sunan bashi.

A lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona na fitarwa waje. Bayan yaƙi ba ta saki ba: aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya a 1949, sannan a 1954 aka mayar da ikon ga hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ke yanka farashi kafin kaka, ita kaɗai ke da ikon sayarwa a waje, masu lasin sayen gyaɗa wakilanta ne. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce: a tara rarar shekarun tsada don a tallafi manomi a shekarun faɗuwar kasuwa. A aikace rarar ta zama haraji. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya ƙididdige cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun manoman gyaɗa an riƙe shi, ta hanyar rarar hukuma da harajin fitarwa.

Adalci ne a faɗi inda wasu daga cikin kuɗin suka tafi. Sun shiga hukumar raya Jihar Arewa, sun shiga masana'antu da hanyoyi da makarantu, har da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Mu da muka yi karatu a irin waɗannan makarantu, mu ne muka ci gumin wancan manomi, kuma bai kamata mu yi maganar kamar ba ruwanmu ba. Amma ba a tambaye shi ba. Lasin sayen gyaɗa kuma ya zama abin da mai mulki ke iya bai wa na kusa ya hana na nesa. Ba mamaki jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta samu kunnuwan sauraro a tsakanin talakawan karkara da ƙananan 'yan kasuwa.

A nan ne kwatance da wata ƙasa mai nisa ke da amfani. A filayen alkama na yammacin Kanada, kowane ƙaramin gari da ke bakin dogo yana da dogon rumbun katako, wanda ake hango shi tun daga nesa da sunan garin rubuce a jikinsa. Na farko an gina shi a Niverville ta lardin Manitoba a 1879. Ginin katakai ne da ake kwantar da su a kan juna a buga ƙusa, bango mai kauri da zai iya jure turin hatsi. Manomi ya shigo da amalankensa kan sikeli, a zuba alkamar cikin rami, wani bel mai jerin ƙananan kofuna ya ɗauke ta zuwa ƙololuwa, daga can a karkatar da ita zuwa ɗakin da ya dace da darajarta, ranar da tarago ya zo a buɗe bututu ta gangara da kanta. An jera su ne da tazarar da mai doki zai iya zuwa ya koma gida a wuni guda. A farkon shekarun 1930 sun haura 5,700.

Matsalarsu ta farko irin tamu ce sak. A 1901 alkama ta yi albarka, kamfanin jirgin ƙasa ya kasa kwashewa, rumbunan 'yan kasuwa suka cika, manoma suka ga ana tauye su a awo da farashi. Sai suka kafa ƙungiya a ƙarshen wannan shekara, a 1902 suka kai ƙarar wakilin kamfanin jirgin a garin Sintaluta kan rashin adalci wajen rabon taragu, suka kuma yi nasara. A 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, manoman lardin Saskatchewan suka samu kamfanin rumbuna na haɗin gwiwa wanda su ne masu hannun jari a cikinsa. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 suna da manyan ƙungiyoyin sayar da alkama na kansu. Cunkoso iri ɗaya, amma can ya ƙare da manomi yana da rabo a rumbun da sikelin.

Kada a ɗauka ina cewa manomin Kanada ya fi namu wayo. Shi yana da ƙuri'a, yana da kotun da za ta saurare shi, yana da gwamnatin lardi da ke tsoron fushinsa, kuma ƙasar da yake nomawa an ƙwace ta ne daga 'yan asalin wurin aka ba shi. Manomin Kano talakan mulkin mallaka ne, tsakaninsa da mai yanka farashi akwai dagaci da hakimi da En'e da razdan. Ƙungiyoyin can ma ba su dawwama ba: faɗuwar kasuwa ta 1929 ta kusa rusa su sai da gwamnati ta ceto, daga baya kuma suka rikiɗe suka zama kamfanoni kamar kowane kamfani. Rumbunan katakon ma an rushe mafi yawansu da aka koma manyan na siminti. Amma da yake gini ne, an samu abin ajiyewa. A ƙauyen Inglis na Manitoba akwai guda biyar a jere da gwamnatin ƙasar ta ayyana a matsayin wurin tarihi a 1996.

Yadda filin ya koma wayam

Shekarun 1960 su ne ganiyar abin. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma a kakar 1966 zuwa 1967 abin da hukuma ta saya ya haura tan miliyan ɗaya. Daga nan masifu suka jero. Yaƙin basasa ya rufe hanyar Fatakwal, ya raba reluwe da ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta waɗanda suka bar Sabon Gari bayan kashe-kashen 1966. Kasuwannin Turai sun fara tsaurara bincike kan gubar da ruɓewa ke haifarwa a gyaɗa, wadda aka gano a farkon shekarun 1960. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Manoma da yawa suka koma gero da dawa da wake.

Man fetur ya taka rawarsa, amma ta hanyar da ta fi sakaci sarƙaƙiya. Kuɗin mai ya ɗaga darajar naira da tsadar lebura, ya ja matasa zuwa aikin gine-gine a birane, ya sa gwamnati ta daina dogaro da manomi don samun kuɗin shiga. Farashin hukuma kuma ya kasa kamo na kasuwa. Mai gyaɗa ya ga matan da ke matsar mai a unguwa da injinan matsa na Bompai da masu tsallakawa da ita Nijar duk sun fi hukuma biya, sai ya bi inda kuɗi yake. An kafa sabuwar hukumar gyaɗa ta ƙasa a 1977, ba ta samu abin saye ba, a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya.

Ga wani abu da masu kukan dala ba su cika faɗa ba: gyaɗa ba ta ɓace ba. Najeriya har yau tana cikin manyan ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, kuma abin da ake girbewa yanzu ya zarce na zamanin dala, da taimakon irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar masu jure cutar. Bambancin shi ne bakunan da ke cin ta sun ninka sau da yawa, tirela ke ɗaukarta maimakon tarago, kuma babu mai saye guda ɗaya da zai tara ta wuri ɗaya. Tana watsuwa ne a kasuwannin ƙauye da Dawanau da injinan matsa da kaskon mai ƙuli-ƙuli. Dala na buƙatar abu uku kafin ta tsaya: mai saye ɗaya tilo, hanyar fita ɗaya, da jinkiri. Wanda ya yi alƙawarin dawo da ita, ban tabbata ya san abin da yake alƙawartawa ba.

An ma gwada. A watan Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja ƙarƙashin shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, Shugaba Buhari ya je ya buɗe, aka ɗauki hotuna. Wannan ita ce dala ta farko da na sani wadda aka gina don a gani, ba don tana jiran abin ɗauka ba. Farashin shinkafa a kasuwar Sabon Gari bai nuna ya ji labarinta ba.

Tambayar da dala ta bari ba a amsa ba tana nan inda take. A kaka manomi yana sayarwa da araha don bashi da buƙata sun taso shi, kuma ba shi da wurin ajiyar da zai kare amfaninsa daga ƙwari har farashi ya tashi. Mai sito shi ke cin ribar jira. A watan Fabrairun 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan sito a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, 'yan kasuwar suka ce su ajiya suke yi irin wadda kowace kasuwar hatsi ke yi. An yi ta musu a rediyo tsakanin masu sito da masu saye. Wanda ya noma abin da ke cikin buhunan, kamar a 1949, ba ya cikin masu magana.

Kwanan baya na bi ta wajen Ƙofar Mazugal da yamma, ina neman wani abu da zai nuna inda aka yi. Shaguna ne da gine-gine da masu gyaran mota. Ginin da aka yi da buhu, aka rufa da tamfol, ba ya barin kango. Na tambayi wani matashi mai sayar da katin waya ko ya san inda dalar gyaɗa take a da. Ya nuna mini wajen Dutsen Dala.